Sakatariya a Saman Bene

Yayata ba ta aiki a kan takardar asali, kuma haka take tun ina yarinya. Ko katin asibiti ka miƙa mata ka ce ta duba maka, tambayar farko ita ce, "Ka yi masa kwafi?" In ka ce a'a, sai ta karɓa da kan yatsu, ta nisanta shi da kofin shayinta, tana yi maka kallon wanda bai san ciwon kansa ba. Mu a gida mun daɗe da mayar da abin na dariya. Mijinta, Allah ya jiƙansa, yakan ce da ana yin kwafin mutum, da tuni ta adana shi a durowa ta zauna da kwafin.

A ofis ta samo wannan hali. Tana 'yar budurwa ta shiga wani kamfanin sufuri tana buga takardu, zamanin tafireta da takardar kabon. Shugabarsu wata doguwar mata ce mai rataye tabarau a wuya, wadda har yau in Yaya za ta ambace ta sai ta gyara zama. Darasin farko da matar ta koya musu ba na yatsu ba ne. Cewa ta yi duk takardar da ta shigo hannunki, ki sa ta asali a jaka ki rufe, ki yi aikinki a kan kwafi, domin kwafi in ya lalace a sake wani, ta asali kuwa ta mutane ce. Yaya ta haɗiye wannan magana har ta zame mata jini.

Ta iya aikinta, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Tana bugawa tana hira da kai, idonta a kanka, yatsun suna can suna harkar gabansu. Da kwamfuta ta shigo, abokan aikinta suka watse, wasu suka kama saye da sayarwa, wasu suka koma gida rainon jikoki. Ita kuwa ta ja kujera ta zauna gaban sabon abin, ta ce ai haruffan ba su canza wuri ba. Da kamfanin ya durƙushe, ta koma wani shagon kwafi a bakin ƙofar wata makaranta, tana buga wa ɗalibai ayyukansu, tana gyara musu shirme ba tare da sun roƙa ba. A duk layin, Sakatariya ake kiranta, daga mai faci har masu shara. Ni ɗinkin labule nake yi a wani layin. In na tashi da wuri nakan biya mata, mu taho tare muna gulmar mutane.

Bayan rasuwar mijinta ne santsi ya kwashe ta a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya tsage. Ɗanta, wanda muke kira Dakta duk da cewa magani kawai yake miƙawa ta taga a wani asibiti, ya ɗauke ta ya kai ta gidansa a saman bene, wai na ɗan lokaci kafin ta warke. Ta warke sarai, amma ɗan lokacin nan bai ƙare ba.

Ba zan yi wa yaron nan ƙazafi ba, yana son uwarsa. Ɗakin da ya ba ta ya fi nasa kyau. Ga gado mai laushi, ga fanka, ga talabijin, ga abin awon hawan jini a kan tebur ya zauna daram kamar mai gadi. Taga ɗaya ce, mai ƙarafa, tana fuskantar bangon ginin maƙwabta da tankin ruwansu. In kana son ganin titi sai ka manna kunci da ƙarfe ka karkace wuya, sannan ka hango ɗan tsiri, rabin shagon aski da kawunan masu wucewa. Ba wanda ya kulle ta. Amma da ta doshi matakala, sai matar Dakta, wadda har yanzu Amarya muke ce mata, ta fito daga kicin da jiƙaƙƙen hannu.

"Mama, ina zuwa? Me kike so a kawo miki?"

Kuma sai a kawo ɗin. Sabulu, zare, man zafi, da ana sayar da iska da an kawo mata a leda. Matar da ta yi rayuwarta tana fita tun sassafe da jaka a kafaɗa ta wayi gari ba ta da wani dalilin sauka ƙasa. Abin yana cina, kuma nakan faɗa, sai a ce ni Inna na fiye fitina.

Ni na jawo maganar cibiyar. A ƙarshen layinsu aka buɗe wani wurin koyon haɗa shafukan intanet, suka kira ni in yi musu labulen tagogi. Ina kan tsani ina auna taga na ga ajin, har da masu furfura a ciki. Na tambayi malamin, wani siriri mai sanyin magana, ya ce ba ruwansu da shekaru. Sharaɗinsu guda ne: mutum ya fara a gida da darussan bidiyo, ya haɗa 'yar ƙaramar manhaja da hannunsa, ya kawo kwamfutarsa ya nuna tana aiki. Wanda tasa ta yi, sai a ba shi kujera a ajin safe, ya riƙa zuwa kullum.

Da na kai wa Yaya labari, kalmar nan ta "kullum" ita kaɗai ta ji. Ta sa na maimaita. Da yamma Dakta ya dawo ta tare shi da zancen tun bai ajiye jaka ba. Ya yi dariya har da riƙe ƙofa.

"Mama, ke da haɗa manhaja? To shi ke nan. In suka ɗauke ki, ni da kaina zan riƙa sauke ki kowace safiya kafin in wuce aiki."

"Ka faɗa gaban ƙanwata," in ji Yaya.

"Na faɗa gaban Inna."

Ya ɗauko mata tsohuwar laftof ɗinsa mai ɓallallen gefe ya ba ta, irin yadda ake ba yaro abin wasa don a samu lafiya. Na lura da saurin da ya yi alkawarin, saurin wanda ya tabbata ba za a zo karɓa ba ne.

Yaya ta zage. Ta mayar da teburin awon jini teburin aiki, ta tura abin awon can gefe. Duk sanda na zo sai in tarar da ita da tabarau a kan hanci, tana tsayar da bidiyo tana komawa baya, tana yi wa mai maganar faɗa cewa ya cika sauri kamar ana binsa. Wasu ɗalibai, in ji malamin, shafin gaisuwa kawai suke yi. Ita ta ce ba ta tsufa a banza ba. Shafin gwajin buga rubutu za ta yi: ya nuna maka jimla, ka buga ta, ya faɗa maka saurinka da yawan kurakuranka. Ta ce ta gaji da ganin yara suna buga rubutu da yatsa biyu kamar kaza tana tsattsagar hatsi.

Ni ban san komai a harkar ba, amma ga abin da idona ya gani. Akwai wani baƙin allo ƙarami da take buɗewa ta rubuta umarni, wai a nan take tayar da saba, wato abin da ke miƙo shafin daga cikin kwamfutarta ba sai an shiga intanet ba. Sannan ta koma burauza, inda ake duba shafuka, ta kira shafin nata. Ranar da ta gama ta kira ni a waya ta ce in zo in zama shaida. Na rufe shago na zo. Ta tayar da saba, ta gyara zama, ta danna. Shafi ya fito fari fat, da ɗan gajeren rubutu a sama yana cewa an samu matsala a ciki. A baƙin allon kuwa rubutu ya zubo rututu.

Ba ta razana ba. Ta ɗauki hoton rubutun da wayarta ta tura wa malamin. Ba a jima ba ya amsa cewa abu ne mai sauƙi, kusan kowane sabon shiga yana faɗawa ciki. Fayil ɗin da ke ɗauke da fuskar shafin ta bar shi a waje, alhali akwai wata folda ta musamman da manhajar ke leƙawa ta neme shi. Ta buɗe foldar ta sa shi a ciki, shi ke nan. Ni na koma shago a kan an gama.

Washegari na tarar da ita a inda na bar ta. Ta ce ta sa fayil ɗin inda aka ce, ta kashe saba ta kunna, farin shafin nan ya sake fitowa da maganarsa ta jiya, ko harafi bai canza ba. Ta tura wa malamin hoton fayil ɗin zaune a cikin foldarsa. Ya ce daidai ne. Ta tura masa hoton rubutun manhajar, ya karanta ya ce bai ga aibu ba. Ya ce ta wanke burauza, ta wanke. Ya ce ta kashe kwamfutar gaba ɗaya ta kunna, ta yi. Ya ce ta sake sauko da wasu kayan aikin, ta sauko da su. Daga ƙarshe bawan Allah ya tambaye ta, cikin ladabi, ko ta tabbata tana adana aikin bayan ta gyara.

Yaya ta ajiye wayar a kan gado a hankali.

"Ni yake tambaya ko na adana? Ni? Tun ba a haife shi ba nake adana takardun mutane."

Kwanaki suka yi ta tafiya, ranar nunawa tana matsowa. Ɗakin nan ya ƙara matsewa. Da, in na zo, takan ja ni taga mu leƙa tsirin titin mu yi sharhin askin mutane. Yanzu ko tagar ba ta kallo, daga baƙin allo sai farin shafi. Ta gyara, ta danna, a ce mata ba ta gyara ba. Abinci yakan huce a gefenta har Amarya ta zo ta ɗauke. Abin awon jinin ya dawo tsakiyar tebur, kuma abin da yake nunawa ba ya yi wa Dakta daɗi.

Wata rana ina hawowa na ji su a kicin, shi da matarsa, suna magana ƙasa-ƙasa. Amarya ce ke cewa, "Wallahi tausayi take ba ni. Sai ta rantse ta gyara abu, kuma ga shi a fili ba ta gyara ba." Da suka gan ni suka yi tsit. Dakta ya biyo ni bakin matakala yana sosa ƙeya.

"Inna, don Allah in tambaye ki. Ba ki lura Mama ta fara mantuwa ba?"

Raina ya tashi har na ji kunnuwana suna zafi. Na ce masa uwarsa tana riƙe da ranar haihuwar kowa a dangi, har da tasa da shi kansa sai ya duba kati. Na ce in akwai mai mantuwa a gidan nan, to wanda ya manta da cewa "ɗan lokaci" ya ce ne. Ya sunkuyar da kai ya ce shi lafiyarta yake dubawa. Ya ce ya ba abin zuwa ƙarshen mako, in bai yi ba zai karɓe kwamfutar, domin ba zai zuba ido wasan yara ya kwantar masa da uwa ba.

Faɗan da na yi masa bai dame ni ba. Abin da na tarar a ɗaki shi ya karya min zuciya. Yaya tana zaune a bakin gado, laftof a rufe, hannayenta a kan cinya. Ashe ta ji komai, gidan ba shi da wani sirri. Ta ɗago ta dube ni.

"Ƙanwata, ke ba kya ɓoye min. Ina maimaita magana?"

"Kin daɗe kina maimaita magana, Yaya. Tun muna yara."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Da idona nake ganin na sa shi a ciki. In na duba yana nan. In na danna a ce babu. To ko dai idon ne, ko kan." Ta taɓa goshinta da yatsa. Tunda nake ban taɓa ganin Yaya tana shakkar kanta ba sai ranar, kuma na tsorata ƙwarai. Domin in ta yarda kanta ya taɓu, ba aji kaɗai ta rasa ba, ita da matakalar nan sun yi sallama ke nan.

Washegari da rana na kwaso wani labule da nake yi wa kalmasa da hannu na zo da shi. Na zauna kusa da ita na zare allura. Na ce ni dai ban fahimci abin da take yi ba tun farko, ta nuna min daga tushe, kamar ni sabuwar yarinya ce da aka kawo mata ofis. Gaskiya ba don in gano komai na faɗa ba. So nake in ji muryarta ta aiki, wadda take yi wa ɗalibai faɗa da ita a shago.

Ta yi tsaki, amma ta buɗe. Ta ce, "To saurara, kuma kada ki katse ni. Wannan folda ita ce aikin. Duk abin da na rubuta yana ciki. Kafin a taɓa komai, me ake yi?"

"Kwafi," na ce.

"Ashe kina da kai."

Ta danna, ta yi kwafin foldar gaba ɗaya, ta raɗa mata suna da kwanan wata, tsaf yadda aka koya mata. Sai a lokacin na lura da allon. Foldoji ne jere reras, sahu-sahu, sun kusa cika shi, kowace da kwanan watanta. Ta farkon tana can sama a kusurwa ita kaɗai. Yaya ta buɗe sabon kwafin ta nuna min.

"Kin gani? Ga fayil ɗin a cikin foldarsa, inda malam ya ce. Yanzu sai mu zo nan." Ta buɗe baƙin allon. "Shi wannan saba, ki ɗauke shi kamar masinjan ofis. Ranar farko na kai shi ɗakin da aikin yake, na zaunar da shi, na ce duk wanda ya zo neman shafi, ka ɗauko daga ɗakin nan ka miƙa masa. Kullum in na kunna, can yake komawa ya zauna. To da na gyara, sai in ce masa..."

Ta tsaya. Na ci gaba da ɗinkina ina jiran sauran. Da na ɗago, bakinta a ɗan buɗe yake, idonta yana kan kusurwar sama, inda foldar farko take.

"Yaya?"

"Ɗakin farko," ta ce a hankali. "Yana ɗakin farko."

Ta buɗe foldar farkon. Ga fayil ɗin nan a waje, inda ta bar shi tun ranar da ta kira ni shaida. Ba ta taɓa shi ba, domin ita ce ta asali. Duk gyaran da malam ya faɗa ta yi shi, wani ma ta yi shi fiye da sau ɗaya, amma a cikin kwafi. Hotunan da take tura masa na kwafin ne, kuma ta kan matso da waya kusa don rubutu ya fito, sunan foldar ba ya shiga. Masinja kuwa yana can zaune a ɗakin da ba a gyara ba, yana miƙo abin da ya tarar.

Yaya ta cire tabarau ta rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunta suka fara rawa, na ɗauka kuka take, ashe dariya ce, ko da yake da ta sauke hannun idon a jiƙe yake.

"Kaina ƙalau," ta ce. "Ƙanwata, kaina ƙalau yake. Hankali ne ya yi min yawa."

Na ce to ai sai ta tashi masinjan ta mayar da shi sabon ɗakin, a huta. Ta girgiza kai. Ta ce in ta yi haka, gobe za ta sake yin wani kwafin ta sake barinsa a baya, ta san halinta. Ta ce wannan aikin ba irin wancan ba ne. A nan kwafin ake ajiyewa a jaka, a yi aiki a kan ta asali. Ta faɗi haka da bakinta, amma hannun ya ƙi tafiya. Ta ɗora yatsa a kan fayil ɗin ta ɗauke, ta goge tafin hannu da zani, ta sake ɗorawa. Matar da yatsunta ba sa jiran ido, ga ta tana kallon yatsa guda kamar na aro.

"Ta mutane ce?" na tambaye ta.

"A'a. Tawa ce."

"To?"

Sai da ta ƙara yin kwafi ɗaya tukuna, don Yaya ba za ta fasa zama Yaya ba. Sannan ta ja numfashi, ta ja fayil ɗin ta jefa shi cikin foldarsa, a cikin ta asali. Ta kashe saba ta kunna. Ta koma burauza ta danna.

Shafi ya fito, shuɗi mai haske, da jimla a sama da akwatin rubutu a ƙasa. Ba wani kyau ne da shi ba, ni da nake harkar launi da na ba ta shawara, amma a lokacin ji na yi kamar an buɗe ƙofa iska ta shigo. Yaya ta gyara zama, ta jera yatsu, ta juyo ta kalle ni, ta buga jimlar tana kallona. Shafin ya nuna saurinta, ya ce babu kuskure. Ta ce in gwada. Na gwada da yatsa biyu, ya zayyano min kurakuraina ba kunya, ta yi ta ƙyalƙyala dariya har Amarya ta leƙo da ludayi a hannu.

Daga nan ɗakin ya rikice. Ta tura wa malamin hoto, ya amsa da murna ya ce ta zo da kwamfutar ya gani da idonsa, kujerarta tana nan. Ta sa na hau kujera na sauko mata da jakarta ta aiki daga saman kabad, ta kakkaɓe ta, ta gwada ko laftof za ta shiga, ta shiga. Ta sa na jawo mata baƙin takalminta mai faɗin dunduniya daga ƙarƙashin gado. Fatar ta bushe ta yi fari-fari. Ta zauna ta shafe shi da mai, ta goge da tsumma har ya ɗauki ido, ta jera shi a bakin ƙofar ɗakin. Tana yi tana lissafa min waɗanda za ta gaisa da su a hanya, har da mai askin da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba sai tsakar kansa.

Na ƙi tafiya, na ce sai na ga idon Dakta. Da ya shigo da yamma, Yaya ba ta ce masa komai ba, ta juya masa allon kawai. Ya sunkuya ya karanta, ya buga jimlar, shafin ya ba shi amsa. Wallahi yaron nan ya yi murna ta gaskiya. Ya rungume ta, ya kira matarsa, ya ce a zo a ga abin da uwarsa ta haɗa. Ya nemi gafararta a kan maganar mantuwa. Sannan ya karɓi lambar malamin ya fita baranda, wai zai yi masa godiya. Ya ɗan jima a can. Ya dawo fuskarsa a washe.

"Mama, an dace. Na yi magana da malam. Ashe suna da aji na waɗanda ke nesa, ta bidiyo, darasi ɗaya ne da na safe. Na ce ya sa ki a ciki."

Yaya ta ce, "Ai ni ba nesa nake ba. Ƙarshen layi ne."

"Na sani, Mama. Amma dubi abin da kika yi daga ɗakin nan, ba ki taka ko'ina ba. Wanda ya iya wannan a gida, me zai kai shi hawa da saukar bene kullum? In kika sake zamewa fa? Ga fanka, ga gadonki, in kin gaji ki kwanta. Zan ma sa a kawo miki tebur mai kyau."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Kai, gabana ka yi alkawari."

"Inna, alkawarin karatu na yi, kuma ga shi za ta yi. Ko so kike a sake kwasar ta zuwa asibiti?"

Na buɗe baki zan wanke shi tas, Yaya ta riƙe min hannu. Ta daɗe tana kallon ɗanta. Yana tsaye yana murmushi, yana jiran a yaba masa, kuma har ga Allah ya yarda alheri ya yi mata.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce.

Ya ce amin, ya fita yana kiran Amarya ta kawo abinci. Shafin yana nan a buɗe, akwatin rubutun yana jira. Can na tashi na naɗe labulena. Da na zo bakin ƙofa na sunkuya zan ɗauki takalmin in mayar mata ƙarƙashin gado.

"Bar shi nan," in ji Yaya.

Tana ajin bidiyon yanzu, kuma malamin ya ce ta fi kowa. An kawo teburin, mai kyau ne. Takalmin yana nan a bakin ƙofa, kullum da safe sai ta goge shi. Amarya in ta zo shara takan ɗaga shi ta share wurin, ta mayar da shi yadda ta same shi, bakinsa yana kallon matakala.